Yaro da Ruwa: Waiwaye Kan Tarihin Koyon Iyo

Bahaushe ya ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kowace al'umma ta yarda da haka, sai dai hanyar kare yaro ce ta bambanta: wata takan tsare shi a tudu, wata kuwa takan saka shi ruwan don ya san halinsa. Wannan maƙala za ta waiwayi hanyoyin biyu.

A biranen tudu irin su Kano da Katsina, ruwan da yaro ya sani shi ne kududdufi. Iyaye na gudunsa saboda nutsewa da tsargiya da tsoron aljanun ruwa. Don haka da yawanmu a sace muka koyi ninƙaya, ladan kuwa bulala ce. Amma a ƙasar Kabi iyo gado ne. Ɗan masunci yakan tashi a bakin gulbi, kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, yana ɗauke da gasar iyo da nutso. Ke nan ba jinin mutum ke sa shi tsoron ruwa ba, muhallinsa ne.

A wasu ƙasashe masifa ce ta sauya tunani. A watan Mayun 1955 jirgin ruwan Shiun Maru na Japan ya yi karo da wani cikin hazo, mutum 168 suka halaka, kimanin 100 daga cikinsu 'yan makaranta. Wannan rashi na cikin dalilan da suka sa aka baza wuraren iyo a makarantun ƙasar. A Ingila kuwa, manhaja ta tanadi yaro ya iya ninƙayar mita 25 kafin ya kammala firamare.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan ɗaci. A watan Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Gaskiya ne lodi ya wuce kima, kuma iyo ba ya wanke laifin sakaci. Duk da haka, yaron da ya iya zama bisa ruwa na ɗan lokaci ya ba mai ceto damar isowa.

Shin baƙon abu ne a wurinmu? Ko kusa. An daɗe ana ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hori iyaye su koya wa 'ya'yansu iyo. Madatsun ruwa sun yawaita, ambaliya na ƙaruwa, bulala kuwa ba ta taɓa ceto wanda ruwa ya ci ba. Malaman suna nan a Argungu da Yawuri; ɗalibai ne ba mu kai musu ba.