Gidan Gona a Ƙasar Gagarawa: Tsarin Gininsa da Matsayinsa a Dokar Kayan Tarihi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci gidan manomi na gargajiya a Gagarawa da maƙwabtanta cikin masarautar Gumel ta Jihar Jigawa, ta kuma auna shi da dokar kayan tarihi ta Nijeriya. Maƙalar na ganin cewa tsufan irin wannan gida yana cikin tsarinsa da mazauninsa da sana'ar masu gina shi, alhali doka shekarun bango take ƙirgawa.

Gabatarwa

Akasarin nazarin da aka yi kan ginin Hausa ya tsaya ne a birni. Schwerdtfeger (1982) ya bi gidajen Zariya, Saad (1981) da Moughtin (1985) sun fi mayar da hankali ga fadoji da masallatai da gwanayen magina, Dmochowski (1990) kuma ya auna gine-ginen Arewa da yawa ya zana su. Wadda ta zauna da manoma sosai, wato Polly Hill (1972) a Batagarawa, tattalin arzikin gandu ne ya dame ta. Sai gidan gona ya faɗa tsakani: masana gini na ganin ya yi ƙanƙanta, masana tattalin arziki kuma ba ruwansu da bango.

Ƙasa da tarihi

Mangawa ne suka kafa masarautar Gumel wajen 1750, ta zauna ƙarƙashin Borno, aka kuma dawo da fadarta daga Tumbi zuwa Gumel a 1845. Yaƙe-yaƙe da Haɗeja da Kano da Damagaram sun cinye yawancin ƙarni na 19, har zuwan Turawa a 1903. A irin wannan zamani manomi bai isa ya yi gini mai tsada a tsakiyar daji ba. Mafaka tana bayan ganuwa ko kafi. Ga kuma ƙasar kanta: rairayi ne, jar ƙasar gini sai an nemo ta, ruwan sama kuma bai kai na Kano ba. Waɗannan dalilai biyu su suka sa kara da ciyawa suka rinjayi tubali.

Tsarin gidan

Daga waje ana fara cin karo da danga ko darni na karan dawa, sai zaure ga mai hali, inda maigida ke karɓar baƙi. A ciki kowace mace da ɗakinta, turakar maigida tana inda zai ga mai shiga da mai fita. Turken dabbobi da akurki suna gefe, takinsu kuma gona yake komawa.

Ɗakin jinka ya fi soro yawa, kuma da hujja. Zagayayyen bango yana rarraba nauyin tsaiko daidai, ba shi da kusurwar da za ta tsage, jinkar gamba kuma tana zubar da ruwa tana barin zafi ya fita. Soro kuwa yana bukatar azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kimanin mita 1.8 sai da tauyi ko baka. Wannan shi ya ƙayyade faɗin ɗakunan karkara, ba talauci kaɗai ba. Bayan haka akwai yaɓe da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango.

A ra'ayin wannan maƙala, rumbu ne ginin da ya fi kowane nuna gwaninta a gidan. Ana ɗora shi kan duwatsu ko itace don ya tsere wa danshi da gara da ɓera, iska tana ratsa shi, damman gero su shekara ba su lalace ba. Daga yawan rumbuna da inda aka kafa su ake gane ko gidan na gandu ɗaya ne ko 'ya'ya sun ware, kowa da tukunyarsa. Idan maigida ya rasu aka raba gado, sai a ja sabuwar danga, gida ɗaya ya koma biyu a kan mazauni guda.

Matsalar doka

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki shekarar 1918 a matsayin iyakar tsufan kayan fasaha, ta kuma ba da damar ayyana gini ko wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa. A ƙarƙashin wannan tsari ake kare Gidan Makama na Kano da zanen duwatsun Birnin Kudu. To amma gidan da ake sabunta jinkarsa bayan 'yan shekaru, ake yaɓe shi kafin kowace damina, wane sashensa ne ya riga 1918? Mai duba da wannan ma'auni zai ce sabo ne, ko da zuriya biyar ta zauna a wurin.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ƙara dagula al'amarin. Ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyya kuma a kan abin da aka gina ko aka shuka ake biyanta. Gidan kara kusan ba shi da farashi a wannan lissafi, kufai kuwa ba ya shiga ma. Taƙaddamar da ta taso a Gagarawa kan filin noman rake na kamfanin sukari ta nuna yadda manyan ayyuka ke iya shafar ƙauyuka da yawa a lokaci ɗaya. A gefe guda, bulo da kwano suna maye gurbin tsohon gini, kuma ba laifin manomi ba ne: giginya ta yi wuya, gamba ta ragu, gobarar hunturu kuma gaskiya ce.

Duniya ta riga ta sassauta ma'aunin shekarun gini. Takardar Nara ta 1994 ta yarda cewa sahihancin gini na iya kasancewa cikin fasaha da al'ada da amfani, aka kuma amince da Sukur ta Adamawa a 1999 a matsayin abin tarihi, gari da gonaki da al'ada a haɗe. Jihar Jigawa tana iya bin wannan hanya ba tare da jiran Abuja ba. Ya kamata masarautar Gumel da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su auna tsofaffin gidaje da kufai a Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar, su naɗi bayanin magina da masu yanta, gwamnati kuma ta wajabta irin wannan bincike kafin ta karɓi filin kowane ƙauye.