Tarihin Aikin Tiyata Domin Maganin Matsananciyar Ƙiba

Tun da can, mutane ba su ɗauki ƙiba a kan cuta ba. Waɗansu suna ganinta alamar wadata, waɗansu kuwa suna jingina ta ga haɗama da lalaci. Sai a cikin ƙarni na ashirin likitoci suka tabbatar ƙibar da ta wuce kima tana jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya, tana kuma rage kwana. Ma'aunin da suke amfani da shi ya samo asali daga lissafin Adolphe Quetelet, mutumin Beljiyam, a 1832. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita wanda aka ninka da kansa. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 120, awonsa ya zarce 41. Daga 40 zuwa sama ita ce matsananciyar ƙiba.

Masu fiɗa na farko sun nufi hanji ne. A 1954 Arnold Kremen da abokan aikinsa a Jami'ar Minnesota ta Amurka suka bayyana dabarar haɗa farkon ƙaramin hanji da ƙarshensa, abinci ya tsallake mafi yawansa, jiki bai tsotse shi ba. Nauyi ya zube ƙwarai, amma sai zawo mai tsanani da tsakuwar ƙoda da lalacewar hanta suka biyo baya, har waɗansu suka rasa rayukansu. Garin gyaran gira aka rasa ido. Zuwa shekarun 1980 an yi watsi da wannan aiki.

Edward Mason na Jami'ar Iowa shi ya juya akalar zuwa tumbi. Ya lura waɗanda aka yanke wa sashen tumbi saboda gyambon ciki ba su cika yin ƙiba bayan haka ba. A 1967, shi da Chikashi Ito suka buga rahoton aikinsu: a ware ɗan aljihu a saman tumbi, a haɗa shi kai tsaye da hanji. Abinci kaɗan sai ya ƙosar da mutum. Duk da haka aiki ne mai haɗari, domin tsaga cikin mai ƙiba ba ya warkewa da wuri. Sauƙi ya zo a 1994, sa'ad da Wittgrove da Clark suka ba da labarin yin aikin ta 'yan ƙananan huje-huje, da taimakon na'urar hangen ciki. A yau aikin da aka fi yi a duniya shi ne cire wajen kashi 80 cikin ɗari na tumbi, a bar shi siriri kamar hannun riga.

Abin mamaki a cikin wannan tarihi shi ne, masu aikin sun daɗe ba su fahimci dalilin nasararsa ba. Zatonsu ƙanƙancewar tumbi ce kurum. A 1995 Walter Pories ya nuna sukarin jinin masu ciwon sukari yakan daidaita cikin 'yan kwanaki bayan tiyata, tun nauyi bai ragu ba. Shekara guda kafin nan Jeffrey Friedman ya gano leptin, sinadarin da kitse ke aikawa ga ƙwaƙwalwa. A 1999 masana a Japan suka gano ghrelin, wanda tumbi ke fitarwa domin tayar da yunwa. Wato ke nan yunwa da ƙoshi saƙonni ne na jiki, tiyata kuwa tana sāke su. Wannan ya raunana tsohon zargin cewa mai ƙiba rashin haƙuri ne ya kai shi.

A 1991 cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka ƙayyade aikin ga mai awo 40, ko 35 in akwai wata cuta tare. A 2022 ƙungiyoyin masu fiɗa suka sassauta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari da makamancinsa. Wani dogon bincike a Suwidin, wanda ya bi mutum fiye da 4,000, ya nuna a 2007 cewa waɗanda aka yi wa aikin sun fi sauran ƙarancin mutuwa.

Amma fa wanda aka yi wa aikin bai rabu da asibiti ba. Tilas ya riƙa shan bitamin da sinadarin ƙarfe muddin ransa, kuma waɗansu nauyin yakan komo musu. Wahalar waɗanda aka tsallake wa hanji ta koya wa likitoci cewa ba a yanke hukunci kan irin wannan aiki sai an bi majiyyaci shekara da shekaru.