Me Mai Hoto Ke Nema Ƙarƙashin Baƙin Ƙyalle?

Yau tarihinmu ya faɗa kan tsohuwar kamarar nan mai ƙafafu uku, wadda mai hoto ke cusa kansa bayanta cikin baƙin ƙyalle. Da yawa cikin kakanninmu sun ɗauka wani asiri ake yi a ciki. Babu asiri, jama'a, gani yake nema.

Ita wannan kamara fuska biyu gare ta. Gaba akwai ido, wato gilashin da haske ke shiga. Baya akwai wani gilashi mai hazo inda surar ke sauka kafin a sa fim. Tsakaninsu fata ce mai naɗewa kamar zugazugin maƙera. Mai hoto na tura idon gaba ko ya jawo shi baya har surar ta fito tas. To amma kai ƙasa ƙafa sama take zuwa, ga ta dishi-dishi. In rana ta bugi gilashin, ba ka ganin komi. Dalilin ƙyallen ke nan.

Wahalar ta fi tsanani in aka sa ido mai faɗin gani, wanda ke kwaso fili gaba ɗaya, kamar ƙofar fada ko taron idi. Irin wannan ido dole ya matso kusa da fim. A kamara mai fim na santimeta 9 da 12, ido mai milimeta 90 kusan santimeta 9 kacal ke raba shi da gilashin baya. Sai zugazugin ya matse ya ƙi motsi, har ta kai an ƙera wani mai kama da jaka. Ga tsakiyar sura da haske, kusurwoyi kuwa duhu. Mutane sun koma kamar tururuwa, ba ka sanin wa ya fito sarai sai ka ɗora gilashin ƙara girma. Dabarar masu aikin ita ce su buɗe idon duka su daidaita, sannan su tsuke shi sosai kafin su ɗauka, don na kusa da na nesa duk su fito.

Turai ma sun daɗe suna fama da wannan matsala. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar hoto ta Daguerre a Faransa. A 1900 kamfanin Goerz na birnin Berlin a Jamus ya fito da ido mai suna Hypergon, mai gani har digiri 135. Saboda duhun kusurwoyi, sai suka maƙala masa wata 'yar fanka mai siffar tauraro a gaba. Mai hoto na matsa roba, iska ta juya fankar, ta tare hasken tsakiya har gefe ya samu rabonsa, sannan a kawar da ita. A 1904 kuma wani hafsan sojan Ostiriya, Theodor Scheimpflug, ya yi rajistar ƙa'idar karkata idon kamara, yadda abin da ke gabanka da wanda ke can nesa za su fito tare.

Nan maƙwabta, a Bamako, Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yana aiki da kamara mai fim na santimeta 13 da 18. Shi hoton mutane ya fi yi, kuma galibi ɗauka guda ce ga kowa, don fim na da tsada. In ka kuskure daidaitawa, kuɗi sun tafi. A 1994 aka baje hotunansa a Paris, kuma da aka faɗaɗa su, zanen atamfa da aikin wuyan riga suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu a 2001.

Mu ma gidajenmu ba su rasa tsofaffin hotuna: na aure, na suna, na tsofaffin sojoji. Suna nan cikin akwati, gara da damina na cin su. Don Allah a fiddo su, a ɗauke su da salula, a rubuta sunayen mutanen a baya tun dattawan da suka san fuskokin suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma sai wani jiƙon.