Asalin Kalma: Fanka

Kalmar fanka baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Indiya ta taso, inda "pankha" ke nufin mafici. Turawan Ingila suka ɗauko ta, har ta iso ƙasar Hausa.

Fankar ɗaki, lantarki ke juya ta, ta ba da iska. Akwai kuma babbar fanka wadda iska ke juyawa. Da irinta mutanen Sistan, a ƙasar Farisa, suka riƙa niƙa hatsi tun ƙarni na 9. In ruwan rijiya take ja, sai mu ce famfon iska.

A garin Deule, cikin yankin Adar, iskar hunturu na kaɗawa, mata kuwa suna fama da turmi da guga. Jama'a, iskar nan dukiya ce, mu sa ta aiki.