Turbo da sufacaja: yadda suke aiki da dalilin da ya sa ɗaya ke korar ɗaya a motocin gudu

Ƙarfin injin fetur ya dogara ne da yawan iskar da ke shiga silindarsa, domin mai ba ya ƙonewa sai da iska. Kamar yadda maƙeri ke hura wuta da zugazugi don ta ƙara ci, haka injiniyoyi suka ƙirƙiro na'urori biyu masu cusa wa inji iska da ƙarfi: sufacaja da turbo. Aikinsu ɗaya ne. Inda suka rabu shi ne wurin da kowace ke samo ƙarfin juyawa.

Sufacaja ita ce babba a shekaru. Asalinta wata na'urar hura iska ce da 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana ta Amurka, suka yi wa rajista a 1860, kafin kamfanin da ke ƙera Mercedes ya sanya irinta a motocinsa a farkon shekarun 1920. Bel ne ke haɗa ta da injin kai tsaye, saboda haka da zarar direba ya taka totur sai ƙarfi ya zo nan take. Amma tana cin ladanta daga jikin injin da take yi wa hidima. A motar Dodge Hellcat, juya sufacajar kaɗai na cinye ƙarfin doki kusan 80 idan injin ya kai maƙura, kuma da fetur ake biyan wannan.

Turbo kuwa, wadda injiniyan ƙasar Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, da hayaƙin salansa take aiki. Hayaƙin da zai fita a banza shi ke juya wata farfela sama da sau 100,000 a minti, ita kuma ta juya ta biyu mai matsa iska zuwa cikin inji. Da wannan dabara ƙaramin inji ke ba da ƙarfin babba ba tare da shan mai irin nasa ba. Aibinta na tun fil'azal shi ne jinkiri: sai hayaƙi ya taru kafin ƙarfin ya iso, wani lokaci kuma ya iso gaba ɗaya. Porsche 911 Turbo ta 1975 ta yi ƙaurin suna wajen juya wa direbobi baya a kan kwana saboda haka.

Jerin motocin da suka sauya sheƙa a 'yan shekarun nan ya isa shaida. Corvette ZR1 ta 2019 sufacaja gare ta, da ƙarfin doki 755. Wadda ta gaje ta a 2025 ta zo da turbo biyu da ƙarfin doki 1,064. Dodge ta daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, bayan ta yi bankwana da Demon 170 mai doki 1,025, sannan ta sanya wa sabuwar Charger inji mai silinda shida da turbo biyu. Jaguar F-Type ta tafi da nata injin mai sufacaja a 2024, Range Rover kuma ta koma injin BMW mai turbo biyu.

Ba son ran direbobi ne ya kawo wannan sauyi ba, doka ce. Tarayyar Turai na ƙayyade matsakaicin hayaƙin kabon na dukkan motocin da kamfani ya sayar a shekara, kuma tana cin tarar wanda ya zarce. A irin wannan lissafi, na'urar da ke ƙara shan mai kaya ce mai nauyi, wadda ke cin moriyar hayaƙi kuwa riba ce. Sai dai akwai abin lura: tsimin man da ake yabon turbo da shi a ɗakin gwaji ya fi fitowa. Direban da ke take totur har ƙasa zai ga ƙaramin injin na zuƙar mai kamar babba.

Siyasar kuma ba alƙibla ɗaya ta fuskanta ba. A Yulin 2025 majalisar dokokin Amurka ta soke tarar da ake ɗora wa kamfanonin da suka gaza cika ƙa'idar tsimin mai, abin da ya ba manyan injuna damar sake numfasawa. Ba abin mamaki ba ne da ragowar masu riƙe da sufacaja akasarinsu Amurkawa ne: Ford Mustang GTD mai doki 815, Cadillac CT5-V Blackwing mai 668, da Dodge Durango Hellcat. A Ingila, Lotus Emira ta raba ƙafa, tana ba mai saye zaɓi tsakanin injin Toyota mai sufacaja da na Mercedes-AMG mai turbo.

Babbar hujjar da ta rage wa sufacaja, wato saurin amsawa, ita ma lantarki na neman ƙwace ta. A 2022 Mercedes-AMG ta fito da C43 mai turbo da aka maƙala wa ƙaramin injin lantarki, wanda ke juya farfelar tun kafin hayaƙi ya taru, fasahar da aka ɗauko daga tseren Formula 1. Porsche ta bi sahu a 2024 da 911 Carrera GTS, inda wannan injin lantarkin kan koma mai samar da wuta ga batir idan hayaƙi ya yi yawa.

Ga mai sayen mota a Kano ko Abuja, maganar ba ta tsaya kan motocin attajirai ba. Ƙananan injuna masu turbo sun riga sun mamaye motocin yau da kullum a Turai da Amurka (Honda Accord ta 2018 misali ce), kuma su ne ke shigowa a matsayin 'yan kwatano. Turbo na aiki cikin matsanancin zafi, rayuwarta kuma a kan baƙin mai take. Jabun mai ko jinkirin juye na iya kashe ta, kuma sauya ta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ƙurar hunturu ma na cin farfelarta idan matatar iska ta lalace. Inda take da fifiko a fili shi ne wuri mai tudu kamar Jos, da ke sama da mita 1,200, inda iska ke da sauƙi, injin da ba shi da mataimaki ke rasa wani kaso na ƙarfinsa, turbo kuwa ta ƙara gudun juyawa ta cike giɓin.