Bayar da Hayar Fili a Fadamar Haɗeja: Yaushe Take Nuna Karayar Jari?

Tsakure

Idan manomi ya saki wani ɓangare na filinsa ga ɗan haya, ko mai injin casar shinkafa ya raba sitonsa ya sa wani, mutane kan ɗauka jarinsa ya fara karyewa. Wannan maƙala ta auna wannan zato da yanayin fadamar kogin Haɗeja, ta hanyar bitar binciken da aka yi a ƙasar Hausa da Habasha, da duba fiƙihun Malikiyya da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Matsayarta ita ce bayar da haya kaɗai ba ta isa hujja ba. Shaidar tana cikin sharuɗɗan hayar: lokacin da aka ƙulla ta, yadda aka biya, ɓangaren da aka saki, da wanda aka bai wa hayar.

Gabatarwa

Tambayar ba ta manoma kaɗai ba ce. A Amurka da Turai, tun bayan annobar korona, masu zuba jari ke sa ido a kan kamfanonin fasaha da na haɗa wasannin bidiyo da ke bayar da hayar ofisoshin da su ma haya suka kama, suna tambayar ko alamar durƙushewa ce. Amsar da ta fito daga can ba ɗaya ba ce. A 2023 kamfanin Meta ya biya fam miliyan 149 don ya fita daga yarjejeniyar hayar wani gini a Landan, a shekarar da ribarsa ta kai kusan dala biliyan 39. A Janairun 2024 Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashensa na wasanni, wata uku bayan ya sayi Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69. Duka biyun rage girma suka yi, aljihunsu kuwa cike yake. Shi kuwa kamfanin wasanni na Telltale Games durƙushewa ya yi tun kafin korona: ya sallami kusan dukkan ma'aikatansa rana ɗaya a Satumban 2018, ba tare da an ba su wa'adi ba.

A ƙasar Haɗeja fili ne ke tsaye a matsayin ofis, kuma hukuncin da ake yanke wa mai shi ya fi zafi, domin babu rahoton kuɗi da zai fitar ya wanke kansa. Dillalin taki da ke bayar da bashin kaka, da shugaban ƙungiyar manoma da ke tantance sunaye, da surukin da ke bincike kafin ya bayar da aure, duk da abin da ido ya gani suke aiki. Wannan shi ne yanayin da George Akerlof (1970) ya bayyana, inda ɓangare ɗaya ya san gaskiyar lamari, ɗayan kuma sai dai ya yi kirdado daga alamu. Alama kuwa ba ta da amfani sai idan tana bambance mai ƙarfi da mai rauni. Idan duka biyun suna aikata abu guda, ganin abin bai ƙara wa mai kallo sanin komai ba.

Abin da magabata suka gano

Zaton jama'a yana da tushe, kuma bai dace a raina shi ba. Polly Hill (1972), daga aikinta a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa akwai talaucin da ke hana mutum noma gonarsa: hatsi ya ƙare kafin damina ta yi nisa, sai ya tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin da tasa ke neman noma, daga nan sai jingina, daga jingina sai sayarwa. Tina Wallace (1981) ta ga makamancin haka a aikin ban-ruwa na kogin Kano da ke Kadawa, inda ƙananan manoman da ba su iya ɗaukar kuɗin noman rani suka riƙa sakin filayensu ga masu hali. A fadamar Haɗeja kanta, Kevin Kimmage (1991) ya rubuta yadda hana shigo da alkama a 1987, tare da injinan ban-ruwa masu rangwame, ya jawo masu kuɗi cikin fadama, amfanin kuma bai rabu daidai ba.

Binciken da ya fi kusa da tambayarmu shi ne na Gebregziabher da Holden (2011) a yankin Tigray na Habasha. Sun gano cewa gidajen da masifa ta faɗa wa sun fi karkata ga haya mai tsayayyen farashi da ake biya tun farko, maimakon noman raba amfani, kuma sai sauran hanyoyi sun toshe suke yin hakan. Darasin a nan shi ne gidaje iri-iri ne ke bayar da fili, amma wanda ke cikin matsi irin yarjejeniyar da yake zaɓa ce ke tona shi.

Ruwan da ba ya tsayawa wuri ɗaya

Abin da ya bambanta Haɗeja da Ɓatagarawa shi ne ruwa. Gonar tudu girmanta ɗaya bana da baɗi. Filin fadama kuwa amfaninsa na ƙaruwa da raguwa gwargwadon abin da kogi ya yi. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, sannan na Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadama ta ragu, sai kuma ruwa ya koma gudana a kogin har da rani. Wannan gudana ta kullum ta ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa. Wasu rassan, irin su Burum Gana, suka daɗe suna fama da ƙarancin ruwa, yayin da gonakin bakin mashigar Marma suka nutse. Barbier da Adams da Kimmage (1993) sun lissafa cewa kowane ma'aunin ruwa ya fi kawo amfani idan aka bar shi ya malala a fadama, ana noma da su da itace, fiye da idan aka tare shi a manyan ayyukan ban-ruwa na sama. An ci gaba da tarewa duk da haka, kuma mutanen Guri da Kiri Kasamma ne suka ɗauki nauyin.

A irin wannan ƙasa, magidanci mai hankali yakan riƙe filaye a wurare daban-daban, wani a tudu, wani a ƙwari, wani kusa da magudanar hukuma. Ba kowace shekara zai noma su duka ba. Idan ruwa ya zo da kyau, filayen sun fi ƙarfin hannayen gidansa, sai ya bayar da hayar wanda ya fi nisa. Idan ambaliya ta cinye na ƙwari, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, shi da kansa zai fita neman na haya. Mutum ɗaya ke nan, bana mai bayarwa, baɗi mai karɓa, dukiyarsa kuma ba ta canza ba. Haka ma mai sana'a biyu: wanda su ya fi yi masa riba a wata shekara, ko fataucin kifi zuwa kasuwar Haɗeja, zai iya sakin fili saboda lokacinsa ya yi tsada. Ga kuma dattijon da 'ya'yansa suka tafi aiki Dutse ko Kano, da matar da ta gaji fili ba ta da mai noma mata.

Sai kuma tsadar kayan aiki. Kafin janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Noman rani da injin fetur ake yinsa, shinkafa kuma ba ta haƙuri da ƙishi. Manomin da kuɗinsa ke shayar da kadada biyu a da, yanzu ɗaya za su iya. Idan ya bayar da hayar ta biyun ya sayi mai da taki ya ciyar da ta farkon, abin da ya same shi ƙarancin kuɗin hannu ne, jarinsa yana nan. Wanda ya fi shi shiga haɗari shi ne maƙwabcinsa da ya ƙi saki don gudun magana, ya shuka kadada biyu da takin ɗaya, jan-baki suka ƙarasa abin da ya fito. Ga mai kallo daga nesa, na biyun ne ke kama da mai ƙarfi.

Wani abu kuma ya ƙara rikita lissafin. Bayan gyaran da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja a Auyo a Janairun 2023, mai faɗin kadada sama da 5,000, kuma a Nuwamban shekarar gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da noman alkama na rani a Haɗeja. Duk inda ruwa ya tabbata, masu neman fili kan yi yawa, kuɗin haya ya tashi. Yawaitar bayar da haya a irin wannan wuri tana iya zama shaidar darajar ƙasa ce ta ƙaru.

Inda shaidar take

Abu na farko da ya kamata mai bincike ya tambaya shi ne watan da aka ƙulla hayar. Wadda aka yi bayan kaka, ana shirin noman rani, rumbu da hatsi, an yi ciniki a natse, lissafi ce. Wadda aka yi a tsakiyar damina, a Yuli ko Agusta, a kan filin da ba za a shiga ba sai bayan wata huɗu ko biyar, wannan bashi ce da aka sa wa rigar haya, kuma farashinta kan faɗi ƙasa da na kasuwa domin mai karɓa ya san dalili.

Wannan ya kai mu ga biyan kuɗi tun farko, kuma a nan malaman Malikiyya sun riga masana tattalin arziki. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Haɗeja kamar ko'ina a ƙasar Hausa, ta hana biyan kuɗin hayar ƙasar da ba a aminta da shan ruwanta ba kafin ta sha. Dalilin da masu sharhi suka bayar shi ne kuɗin na yawo tsakanin zama haya, idan ƙasa ta sha, da zama rance, idan ba ta sha ba. Hukuncin na shari'a ne, amma ya yi daidai da fadamar da kogi ke sauya mata hali. Idan mutum ya karɓi kuɗin shekara uku ko huɗu a dunƙule a kan filin da ba wanda ya san ko baɗi zai sha ruwa ko zai nutse, to bukatarsa ta yau ta fi ƙarfin lissafinsa na gobe. A ganina wannan ce alama mafi ƙarfi, sai jingina da ke sama da ita, domin a jingina fili ba ya dawowa da cikar wa'adi, sai an mayar da kuɗi. Malamai da dama suna ƙyamar cin amfanin gonar jingina saboda rance ne da ya jawo riba, amma ana yi, kuma wanda ya kai ga haka ya riga ya sayar da akuya da rago.

Ɓangaren da aka saki ma yana magana. Mai lissafi yakan riƙe filin da ke bakin magudana ya saki na ƙarshen layi, inda ruwa ke isa a makare. Mai matsi dole ya saki mafi kyau, don shi ne zai kawo kuɗi da sauri. Idan kuma injin ban-ruwa da mesa suka bi filin, mutumin ya fita daga sana'ar ke nan ko da bai faɗa ba. Haka abin yake ga mai injin casa: ya bayar da hayar sito lokacin da shanshera ta yi ƙaranci ba komai ba ne, amma ya sa wani a kan injin kansa a tsakiyar kaka, wannan abin tambaya ne.

Wanda aka bai wa hayar shi ne ma'aunin da aka fi mantawa da shi. Idan ɗan hayar shi ne wanda ke bin mai fili bashin taki, ba ciniki aka yi ba, biyan bashi aka yi da ƙasa. Christopher Udry (1994) ya nuna, daga ƙauyukan kusa da Zariya, cewa bashi tsakanin mutanen gari ɗaya yana da sassauci: idan masifa ta sami wanda ake bi, akan rage masa ko a jinkirta. Hakan na yiwuwa ne saboda sun san halin juna. Mai kuɗin da ya zo daga birni ba ya cikin wannan zumunci, kuma fili ya fi wuyar dawowa daga hannunsa.

Doka da illar kirdado

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka ta gwamna ba zai bayar da haya a kan haƙƙinsa ba sai da izinin gwamna, mai haƙƙin gargajiya kuma da amincewar ƙaramar hukuma. A aikace, hayar fadama a gaban bulama ko shaidu biyu ake ƙulla ta, da baki. Sakamakon haka, waɗannan sharuɗɗa da muka ce su ne shaida ba sa rubuce a ko'ina. Abin da ke fita fili shi ne an ga baƙo a gonar wane.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Dillalin da ya ji labarin haya ya janye bashin taki, shi ne zai jefa manomin da ke lafiya cikin matsin da ake zarginsa da shi, daga baya kuma a ce ai dama an faɗa. Tsoron haka ke sa wasu ɓoye hayar, ko su bar fili ya kwana ba shuka, alhali ga matasa a Auyo da Kafin Hausa da ba su gaji ƙasa ba, haya ce kaɗai ƙofarsu ta shiga noman rani. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke aiki da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are suna da rajistar filaye saboda karɓar kuɗin ruwa. Ƙara layi huɗu a wannan rajista, wato watan da aka ƙulla haya, tsawon wa'adi, yadda aka biya, da ko akwai bashi tsakanin ɓangarorin, ba zai ci kuɗi ba, muddin manoma sun sami tabbacin cewa ba za a yi amfani da shi wajen ƙwace musu fili ba. Da bayanan shekara uku ko huɗu daga sassan aikin Auyo, mai bincike zai iya bin sawun filayen da aka bayar a Agusta da waɗanda aka bayar a Nuwamba, ya ƙidaya nawa ne daga kowane rukuni suka koma hannun masu su.