Sulochana: Tauraruwar Indiya a Zamanin Fim Marar Magana

Sa'ad da Dadasaheb Phalke ya shirya Raja Harishchandra a shekarar 1913, watau fim ɗin da ake lissafawa na farko cikin dogayen finafinan Indiya, ya nemi macen da za ta fito a matsayin matar sarki ya rasa. Tilas ya sa wani saurayi mai suna Anna Salunke ya ɗaura tufafin mata ya tsaya gaban na'urar ɗaukar hoto. A wancan lokaci gidajen mutunci, na Hindu da na Musulmi, sun ɗauki fitowar 'ya mace a majigi abin kunya ne da zai zubar da girman zuri'a har ya hana ta aure.

Wannan giɓi shi ne ya buɗe wa 'ya'yan wasu ƙananan al'ummu ƙofa, musamman Yahudawan da kakanninsu suka yi ƙaura daga Bagadaza suka zauna a biranen Indiya, da kuma 'yan ruwa biyu, haihuwar Ingilishi da Indiyawa. 'Yan matansu sun yi karatun boko, sun saba fita aikin ofis, iyayensu kuwa ba su tsananta ba. Daga cikinsu ne Ruby Myers ta fito. An haife ta a garin Pune a 1907, cikin Yahudawan Bagadaza, kuma tana aikin haɗa layin tarho ne lokacin da Mohan Bhavnani na kamfanin Kohinoor ya gan ta ya yi mata tayi. Da fari ta ƙi, don ita ma ta san yadda ake kallon sana'ar. Daga baya ta yarda, ta fito a Veer Bala a 1925, aka raɗa mata sunan Sulochana, wanda ma'anarsa ita ce mai kyawun idanu.

Sauya sunan ba ƙaramin al'amari ba ne. Harshenta na yau da kullum Turanci ne, ba ta iya Hindustanci sosai ba, amma majigin bai tona mata asiri ba, domin babu murya a cikinsa. Ɗan bayanin da ake bukata akan rubuta shi ne a allo tsakanin fage da fage, sau da yawa cikin harsuna uku ko huɗu, waɗanda suka iya karatu su karanta wa na kusa da su, makaɗa kuma suna zaune gaban allon suna kiɗa. Saboda haka ɗan kallo a Lahore da na Madras kowa ya ɗauke ta 'yar gida. A ƙasar da harsuna suka yi yawa kamar Indiya, shirun nan jari ne ga 'yar wasa da ma kamfaninta.

Da ta koma kamfanin Imperial na Ardeshir Irani sai tauraronta ya haska ƙwarai. A Wildcat of Bombay na 1927 ta fito a kamanni takwas, ciki har da ɗan sanda, da mai aikin lambu, da mai tallan ayaba, da Baturiya. Ita da abokin wasanta Dinshaw Billimoria suka zama abin kwatance a finafinan soyayya, irin su Madhuri da Anarkali, duka na 1928. Aka riƙa cewa albashinta ya kai rufi 5,000 a wata, har ya fi na Gwamnan Bombay. Yaɗuwar wannan magana kaɗai ta isa ta nuna inda sana'ar da aka raina ta kai cikin shekara goma sha biyar.

Ran 14 ga Maris 1931 kamfanin nan nata na Imperial ya nuna Alam Ara, fim na farko mai magana a Indiya, kuma aka tsallake Sulochana aka ba Zubeida matsayin jaruma, don ita ta iya harshen. Abin da shiru ya rufe, na'urar ɗaukar murya ta buɗe shi a rana ɗaya. 'Yan wasa da dama irinta daga nan suka ɓace. Ita kuwa ta janye jiki na kimanin shekara guda tana koyon Hindustanci, sa'an nan ta dawo a 1932 da Madhuri mai magana. Imperial ya sake shirya tsofaffin finafinanta da murya ɗaya bayan ɗaya: Indira B.A. na 1929 ya zama Indira M.A. a 1934 (an ƙara wa jarumar digiri ke nan), Anarkali ya dawo a 1935, Wildcat of Bombay kuma ya koma Bambai Ki Billi a 1936. Wannan dawowa, a gaskiya, ta fi shahararta ta farko cancantar yabo, domin da guminta ta same ta.

Amma fa ƙofar da ta shigo ta cikinta ta riga ta buɗe wa kowa. Mata masu ilimi daga manyan gidaje, irin su Durga Khote da Devika Rani, sun shigo, kuma fim ya koma na waƙa da zance. Kafin ƙarshen shekarun 1930 an daina ba ta matsayin jaruma. A 1953 aka sake yin Anarkali, sai ta fito a matsayin uwar Yarima Salim, watau uwar saurayin yarinyar da ita kanta ta taɓa zama har sau biyu. A irin wannan matsayi na uwa ko gwaggo ne kawai masu kallon finafinan Indiya a gidajen silima na Kano da Kaduna za su iya cewa sun taɓa ganinta, tun da yake finafinan sun fara isowa ne wajen shekarun 1950.

Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar Dadasaheb Phalke ta 1973, mafi girma a harkar fim ta ƙasar, mai ɗauke da sunan mutumin nan da ya rasa mace a 1913. Ta rasu a Bombay, wadda ake kira Mumbai yanzu, ran 10 ga Oktoba 1983. Cikin finafinai marasa magana fiye da 1,300 da aka yi a Indiya, waɗanda suka tsira ba su wuce talatin ba, galibinsu ma guntaye ne, don an ɗauke su a kan zare mai saurin ruɓewa da kama wuta. Mai neman sanin wasan Sulochana na ƙuruciya a yau, mafi yawan abin da zai samu hotuna ne da takardun talla.